Rodi ya yi tsatsa, daɓen shigar mota yana ɓantarewa: a yi faci ko a fasa a sake?

Malama mai tambaya, daga Teshie:

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaida iyayenmu da yayyenmu da ke wannan zaure, musamman magina da injiniyoyi, ina kuma neman shawara a kan wata matsala da ta dame ni tun ƙarshen daminar bara.

Gidanmu yana Teshie, nan Ankara babban birnin Ghana, kuma tsakaninmu da bakin teku tafiyar ƙafa ce ta kamar minti 10. Daga get zuwa cikin gareji akwai daɓen kankare mai tsawon mita 9 da faɗin mita 3, wanda maigidana, Allah ya jiƙansa, ya sa aka zuba shekara 12 da suka wuce. Ina tune da yadda ya nace sai an saka rodi a ciki, domin a ganinsa daɓen da ke da ƙarfe ba zai lalace ba har jikoki su gaje shi. Shekara takwas ko tara ba mu ga komai ba. Daga baya wasu jajayen tabo suka fara fitowa kamar an tofar da goro, sai kuma tsaga siririya ta biyo baya, miƙaƙƙiya kamar an ja ta da zare, wata a tsaye wata a gicciye, har daɓen ya rabu gida-gida. Yanzu a kusa da get kankaren yana ɓantarewa, rodin ya fito fili ya kumbura, idan aka taɓa shi tsatsa tana zubowa kamar ɓawon itace.

Bara na kira wani magini, ya share wurin, ya kwaɓa siminti da yashi ya cike ramuka huɗu. Ba a yi wata bakwai ba facin ya ɗago, kuma abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne gefen facin, wanda a da lafiyarsa ƙalau, shi ma ya fara tsagewa. Yanzu magina biyu sun duba wurin. Ɗaya ya ce a ƙara zuba kankare mai kaurin inci 2 a bisa duka daɓen a rufe komai, ɗayan ya ce babu abin yi sai a fasa gaba ɗaya a sake. Ni malamar makaranta ce, ga marayu huɗu a gabana, ba ni da halin in biya kuɗin aiki ɗaya sau biyu.

Akwai abu biyu da ban sani ba ko suna da hannu a ciki, amma gara in faɗe su. Idan famfo ya ɗauke, tankar ruwa takan shigo har tsakiyar daɓen ta cika mana tanki, wani lokaci sau biyu a wata. Sannan yara suna wanke mota a wurin da ruwan rijiyarmu, wanda yake da zartsi har ba ma shansa. Don Allah wanda ya san aikin ya faɗa mini abin da ya haddasa wannan, da kuma wanne ne daidai cikin maganganun maginan biyu.

Tsohon magini, daga Nima:

Wa alaikumus salam. Malama, Allah ya jiƙan maigida, ya raya abin da ya bari. Na fi shekara 30 ina aikin gini a garin nan, kuma abin da kika bayyana na sha ganinsa a Teshie da Nungua da Chorkor da sauran unguwannin da iskar teku ke bugawa, alhali a Madina ko nan Nima daɓe irin wannan yakan daɗe fiye da haka kafin ya nuna alama.

Maganar ƙara inci 2 a sama, ki ajiye ta gefe tun yanzu. Tsatsa ba ta dainawa don an rufe ta. Ƙarfen zai ci gaba da kumbura a ƙasa har ya ɗaga tsohon kankaren tare da sabon, ga get ɗinki da ƙila ba zai ƙara buɗuwa ba saboda daɓen ya tashi, ga kuma ruwan sama da zai sami hanyar komawa cikin gareji.

Kafin ki ba kowa ko sidi ɗaya, akwai gwajin da za ki yi da kanki. Ki sami ƙaramar guduma ko guntun rodi, ki sa babban yaronki ya bi daɓen taki-taki yana ƙwanƙwasawa, ke kuma kina saurare. Inda kankaren yake lafiya ƙarar takan fito da kaifi, inda kuwa ya rabu da ƙarfen daga ciki za ki ji tana amsawa kamar an buga tulun da ba ruwa, ko da saman wurin yana nan sumul. Duk inda kika ji haka ki zagaye shi da alli ko gawayi. Idan kun gama ki tsaya daga bakin get ki dubi yawan abin da kuka zagaye. Ma'aunina, wanda aiki ne ya koya mini shi, shi ne idan bai kai rubu'in daɓen ba faci yana da amfani, idan kuwa ya kai sulusi ko ya wuce, kuɗin facin zai kusa kai na sabon aiki, kuma ba zai kai shi ƙarko ba.

Idan facin ne, ga yadda ake yinsa. A yanka gefen wurin da injin yanka, a fitar da shi mai kusurwa huɗu, zurfin yankan kamar rabin inci, a kula kada injin ya taɓa rodi. Ba a barin gefen faci ya tafi siriri kamar bakin wuƙa, domin daga nan yake fara ɓallewa. Sai a sa kurfi da guduma a bi rodin, a ci gaba da fasawa har a kai inda ƙarfen yake fes babu tsatsa, a ƙara wucewa kamar faɗin tafin hannu. Abin da yawancin magina ke tsallakewa shi ne haƙa ƙarƙashin rodin: dole a buɗe bayansa kamar santimita 2, yadda yatsu za su zagaye shi, saboda tsatsar da ke ƙasa ita ce ke sake tayar da aikin. A goge ƙarfen da buroshin waya ko da injin gurza har ya yi haske ta kowane gefe. Inda tsatsa ta ci kamar rubu'in kaurinsa, a ɗaura sabo a gefensa, a bar su su haɗu da tsawon da ya kai kaurin rodin sau 40, wato idan rodi mai milimita 12 ne, wanda muke kira rabin inci, haɗin ya kai kusan santimita 50 ta kowane ɓangare.

Kada ki yarda a shafa wa rodin baƙin mai ko fentin ƙofa, domin su ne ke hana siminti kama ƙarfe, kada kuma a wanke shi da asid. A jiƙa ramin sosai tun jiya da yamma, da safe a tsane ruwan da ya kwanta yadda wurin zai kasance da danshi amma ba ya ƙyalli, a shafa kunun siminti da buroshi, sannan a zuba sabon kankare mai ƙananan tsakuwa tun kunun bai bushe ba, a soka shi da kyau ya shiga ƙarƙashin ƙarfen. Bayan haka a rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara, a riƙa ba shi ruwa kwana 7, kuma ruwan famfo, ba na rijiyar nan ba.

Facin bara ya tashi ne saboda an shafa siminti da yashi a kan ƙura da tsatsa. Amma asalin ɓarnar tun ranar zubi aka yi ta, kuma wannan laifinmu ne mu masu sana'ar, ba zan ɓoye ba. Sau da yawa akan shimfiɗa rodi a ƙasa ba tare da biskit ɗin siminti da zai ɗaga shi ba, sai lebura ya riƙa jawo shi sama da ƙugiya ana cikin zuba kankare, wani wuri ya kwanta a ƙasa, wani wuri ya taso har ya kusa leƙowa. Sannan a ƙara wa kwaɓin ruwa don ya yi sauƙin bazawa. Raina yana ɓaci idan na ga mai gida ya sayi ƙarfe da guminsa, an kuma saka masa shi ta hanyar da zai zama shi ne ajalin aikin.

Injiniyan gine-gine, daga Asawase, Kumasi:

Assalamu alaikum. Malama, Allah ya jiƙan maigida da rahama. Baba na Nima, Allah ya ƙara lafiya. Duk abin da kuka faɗa game da yadda ake faci haka yake, ba ni da abin da zan gyara a ciki. Abin da nake so in ƙara shi ne dalilin da ya sa ƙarfen ya fara tsatsa tun farko, domin daga dalilin ne za a san ko facin, komai kyansa, zai riƙe.

Ƙarfen da ke cikin lafiyayyen kankare ba ya tsatsa ko da akwai danshi. Siminti yana da kaifi irin na ruwan toka, wanda a ma'aunin pH yakan kai 12.5 zuwa 13 ko ma fiye, kuma wannan kaifin yana sa wata siririyar fata da ido ba ya gani ta lulluɓe rodin ta kare shi. Abu biyu ne ke karya wannan kariya. Na farko iskar kabon da ke cikin iskar da muke shaƙa, wadda ke ratsa ƙananan ƙofofin kankare a hankali, shekara bayan shekara, tana rage kaifin har ya sauko wajen 9, kuma ranar da ta isa zurfin da rodin yake, fatar nan ta tafi. Na biyu sinadarin kuloraid da ke cikin gishiri, wanda ba ya jiran kaifin ya ragu, huda fatar yake yi nan da can. Da zarar tsatsa ta kama, takan ci wurin da ya ninka na ƙarfen da ta cinye sau 2 zuwa 6, kankare kuwa gwani ne wajen ɗaukar danni amma rarrauna ne idan aka buɗa shi daga ciki, domin ƙarfinsa wajen jure ja bai wuce kamar kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa wajen danni ba. Shi ya sa tsagar da kika gani ta miƙe kamar zare: layin rodin take bi, kuma gida-gidan da kika ambata zanen ragar ƙarfen ne ya fito a sama.

Mu nan Kumasi, da muke nesa da teku, yawancin abin da muke gani na farkon ne, kuma yakan ɗauki shekaru masu yawa. A Teshie kuwa na fi zargin gishiri, kuma yana da ƙofa uku ta shiga. Iskar teku tana ɗauke da shi tana sauke shi a kan daɓen. Ruwan rijiyar da ake wanke mota da shi yana jiƙa kankaren ya bushe, ruwan ya tafi gishirin ya zauna, kowane wanki yana ƙara wani a kan wani, kuma wannan jiƙa da bushewa ya fi zama cikin ruwa kullum illa, saboda tsatsa tana buƙatar ruwa da iska tare. Ƙofa ta uku ita ce mafi muni, wato a ce tun ranar zubi an kwaɓa kankaren da ruwan zartsi ko da yashin bakin teku. Ƙa'idar kankare ta ƙasashen Turai ta iyakance kuloraid a kankaren da ke da rodi zuwa kashi 0.4 cikin 100 na nauyin siminti, wato giram 200 kacal a kan kowane buhu mai kilo 50, an haɗa da wanda ke cikin yashi da tsakuwa da ruwa.

Bambancin yana da muhimmanci ƙwarai. Gishirin da ya shigo daga waje ya fi yawa a sama, yana raguwa idan aka nutsa, don haka idan aka fasa wurin da ya lalace an cire mafi yawansa. Wanda aka kwaɓa da shi kuwa yana ko'ina, daga get har ƙarshen gareji, kuma wurin da yau yake amsa guduma da kaifi lokacinsa ne bai yi ba.

Wannan ne kuma ke bayyana abin da ya ɗaure miki kai game da gefen facin. Tsatsar ƙarfe a cikin kankare tana aiki ne kamar batir: wani sashe na rodin yana cinyewa, wani sashen yana samun kariya daga cinyewar wancan. Kafin a yi faci, wurin da ya fi lalacewa shi ke cinyewa, maƙwabtansa suna hutawa. Da aka zuba sabon siminti mai cikakken kaifi kuma marar gishiri a wurin, sai lamarin ya juya, ƙarfen cikin facin ya sami kariya, na gefensa da ke cikin tsohon kankare mai gishiri ya zama shi ne mai cinyewa, har ma ya fi saurin da yake yi a da. A manyan ayyuka irin na gada akan ɗaura wa rodin dunƙulen tutiya a bakin facin, domin tutiyar ta cinye a madadin ƙarfen, amma a daɓen gida mai murabba'in mita 27 ban ga dalilin shiga wannan ɗawainiya ba.

Tunda ke malama ce, akwai gwaji mai sauƙi da ƙila za ki sami kayansa a ɗakin gwaje-gwajen kimiyya na wata sakandare. Ana kiran ruwan finolftalin. A ɓantaro sabon guntu daga kusa da rodi, a ɗiga ruwan a fuskar da ta karye nan take. Inda ya koma launin hoda mai ƙarfi, kaifin siminti yana nan. Inda bai canja ba, iskar kabon ta riga ta ci wurin. Idan kika ga kankaren da ke manne da rodi ya yi launin hoda amma rodin ya yi tsatsa, to gishiri ne. Auna yawan gishirin kansa sai an huda da inji an kai ƙurar ɗakin gwajin kayan gini, irin aikin da cibiyoyi kamar BRRI, cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi da ke Fumesua kusa da mu suka ƙware a kai, amma kafin nan ki fara tambayar wanda ya halarci zubin da wane ruwa aka kwaɓa, kuma daga ina aka kawo yashin.

Magana ta ƙarshe, wadda na san ba kowa zai yarda da ita ba: daɓen da ke kwance a kan ƙasa ba rodi ne ke ɗaukar masa mota ba. Ƙasar da aka daddaɓe a ƙarƙashinsa da kaurin kankaren su ne ke ɗaukar nauyi, aikin rodi a nan bai wuce ya riƙe tsaga kada ta buɗe baki ba. Lamarin ya sha bamban da na daɓen saman bene ko ginshiƙi, inda cire ƙarfe yake nufin rushewa. Kuma a wuri irin Teshie rodi yana buƙatar aƙalla santimita 5 na kankare a samansa, da kamar 7.5 a ƙasansa idan a kan ƙasa tsirara aka zuba, abin da ba zai yiwu ba a daɓe mai kaurin santimita 10.

Wani ɗan'uwa, daga Ashaiman:

Malama, sannu da haƙuri. Ni ba magini ba ne, amma na sha irin wannan wahalar a gidan mahaifinmu, shi ya sa na ga ya kamata in sa baki. Sau uku muna faci a cikin shekara huɗu, kowane karo sai ɓarnar ta matsa gaba kaɗan, daidai yadda Injiniya ya bayyana, ko da yake a lokacin ba mu san dalilin ba. Daga ƙarshe muka fasa duka muka shimfiɗa bulon daɓe, wanda wasu ke kira intalok. Babu ƙarfe a cikinsa balle ya yi tsatsa, kuma da bututun ruwanmu ya fashe a ƙarƙashi, ɗaga bulon muka yi aka gyara aka mayar, ba a sayi siminti ko buhu ɗaya ba.

Sai dai zan faɗi inda muka yi kuskure don kada ki maimaita. Mun sayi mai kaurin milimita 60, wanda ya dace da ƙananan motoci, alhali mu ma tanka tana shigo mana, kuma wanda ya yi aikin bai daddaɓe marmarar da ke ƙasa da inji ba. Bayan damina ɗaya sawun tayoyin tankar ya lotsa, sai da aka sake ɗaga wannan layin. Inda babbar mota ke bi mai milimita 80 ake sakawa, a kuma yi masa dakali na kankare a gefe da gefe don kada bulon ya baje. Ciyawa kuma takan tsiro a tsakaninsa, sai ana cirewa.

Ina kuma roƙo a kula da masu fasawar. Ƙurar kankare tana lahanta huhu, ɓarɓashinsa yana shiga ido, ɗanyen siminti kuma yana ƙona fata, don haka a ba su takunkumi da tabarau da safar hannu, a riƙa yayyafa ruwa lokacin yanka, a kuma fara gano inda bututu da wayar lantarki suka bi kafin a sa guduma.

Malama mai tambaya, daga Teshie:

Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Baba, mun yi gwajin gudumar ranar Asabar kamar yadda kuka ce. Daga get zuwa mita 6, wato sashen da ke fili, fiye da rabinsa ya amsa kamar tulu, har da wuraren da ido ba ya ganin komai a kansu. Mita 3 na ƙarshe da ke ƙarƙashin rufin gareji kuwa ko'ina ƙarar da kaifi take, babu tabo ko ɗaya. Na auna kankaren da ke bisa rodi a bakin ramukan, wani wuri santimita 1 ne, wani wuri bai ma kai ba, kaurin daɓen duka kuwa santimita 10 ne.

Injiniya, na sami ruwan gwajin daga wani abokin aiki, kuma guntun da muka ɓantaro ya yi launin hoda har jikin rodin, ban da ɗan siririn layi a can sama. Na kuma kira ƙanin maigidana, wanda ya tsaya a kan aikin a wancan lokaci. Ya ce yashin mota ce ta kawo shi daga can cikin ƙasa, ba na teku ba ne, amma ranar zubin famfo ya ɗauke, da ruwan rijiyar nan aka kwaɓa kankaren daga farko har ƙarshe, kuma da shi aka riƙa ba shi ruwa bayan nan. Babu wanda ya san hakan yana da illa.

Na fahimci faci ya fita daga lissafi. Abin da nake tambaya yanzu shi ne ko dole sai an fasa har da na cikin gareji, tunda shi ma da wannan ruwan aka yi shi, sannan idan na zaɓi kankare maimakon bulo, yaya za a zuba shi, kuma wane lokaci ne ya fi dacewa.

Injiniyan gine-gine, daga Asawase, Kumasi:

Malama, sakamakon ya nuna gishiri ne, kuma daga ciki yake. Na cikin gareji shi ma yana da shi, amma tunda ruwa ba ya zama a kansa tsatsar tana tafiya a hankali ƙwarai, kuma ko ta taso wata rana ba haɗari ba ne ga kowa, daɓe ne a ƙasa. Ki bar shi. A yanka layi miƙaƙƙe a bakin rufin har ƙasa, a datse rodin a wurin, a shafe bakin ƙarfen da ya rage da siminti mai kauri, a saka siririn katako ko roba tsakanin tsoho da sabo domin kowanne ya motsa shi kaɗai.

Sashen da za a sake murabba'in mita 18 ne. Saboda tankar, a yi kaurin santimita 15, wanda zai ci kankare kubik mita 2.7. Da kwaɓin siminti 1, yashi 1.5, tsakuwa 3, akan ci kusan buhu 8 a kowace kubik mita, don haka ki tanadi buhu 22 ko 23, mai lamba 42.5, wato lambar ƙarfin siminti da ke jikin buhu, idan kin samu. Ruwan kwaɓi kada ya wuce kamar lita 22 a buhu, a rage idan yashin jiƙaƙƙe ne. Shawarata kada a mayar da rodi. A maimakonsa a daddaɓe ƙasar da inji, a raba daɓen gida biyu mai mita 3 kowanne ta hanyar tsaga layi mai zurfin rubu'in kaurin, wato kusan santimita 4, cikin yini guda da zubin, domin idan zai tsage ya tsage a nan. A ba shi gangare na santimita 2 a kowace mita zuwa kwata. Ƙaramar mota ta jira kwana 7, tanka kuwa kwana 28.

Tsohon magini, daga Nima:

Na yarda da Injiniya a kan barin na gareji da kuma cire rodin, ko da yake na san maginin da za ki ɗauka zai yi gardama, domin mun saba ganin ƙarfe a matsayin alamar aiki mai kyau. Ki tsaya a kan maganarki. Lissafin nasa a wurin aiki shi ne buhu ɗaya, kwanon yashi 3, kwanon tsakuwa 6, kuma ki sa ɗanki ya tsaya yana ƙirgawa, ya kuma riƙe bokitin ruwan da kansa.

Game da lokaci, watan Agusta ya fi mini, bayan babbar damina ta ɗauke kuma kafin ƙaramar ta Satumba ta kankama, ga sanyin gari da ke hana kankare saurin bushewa. Idan ya kuɓuce miki har hunturu ya shigo, a fara zubi da asuba, a rufe da leda da zarar saman ya kama, domin busasshiyar iskar nan tana tsaga ɗanyen kankare cikin 'yan sa'o'i. Ki tara ruwan famfo a tanki tun mako guda kafin ranar, wanda zai ishi kwaɓi da bayin kwana 7, don kada a wayi gari famfo ya ɗauke a sake komawa rijiya. Tsohon rodin kada a zubar, masu sayen ƙarfe za su auna su biya ki, ɓaraguzan kuma su yi ciko a wani wurin.

Tankar kuwa, ko bayan kwana 28, in da hali ta tsaya a waje. Lita 10,000 na ruwa tan 10 ne, ban da nauyin motar kanta, kuma tsakanin get da tankinki bai wuce abin da doguwar mesa za ta kai ba. Ki auna tazarar ki faɗa wa direban tun kafin ya taso, domin ya zo da mesar da ta isa.